Gwajin kabon ko gwajin hasken yumɓu: wanne zai faɗi shekarun kufan?

Malam, ka ce zaizayar daminar bana ta ɓarke gefen gonarku a yankin Alkaleri, sai ga tsingaro da gawayi da kashin ƙarfe a fili, dattawa kuma sun ce wurin kufai ne tun kaka da kakanni. Wani ya ce ka kai tukunya a yi mata gwajin kabon, wani ya ce akwai gwajin da ake yi wa yumɓun kansa, shi ne kake tambaya wanne ya fi. Duka biyun suna aiki, sai dai kowanne da tambayar da yake amsawa. Gwajin kabon yana faɗin lokacin da abu mai rai ya mutu. Gwajin hasken yumɓu, wanda masana ke taƙaita sunansa da TL, yana faɗin lokacin da wuta mai ƙarfi ta ci yumɓu karo na ƙarshe.

Tsiro yana samun kabon-14, wani nau'in sinadarin kabon mai raguwa da kansa a hankali, daga iska, dabba ta ci tsiro, mutum ya ci su duka. Ranar da rai ya yi halinsa, shigar ta tsaya, abin da ke jiki ya fara raguwa: rabi a shekara 5,730, rabin ragowar a wata 5,730 ɗin. Bayan kamar shekara 50,000 kusan babu sauran abin aunawa. Willard Libby na Jami'ar Chikago ne ya fito da dabarar a 1949, aka ba shi kyautar Nobel a 1960. A da sai an tara gawayi mai yawa, amma tun ƙarshen shekarun 1970 aka samu na'ura mai ƙirga ƙwayoyin kabon ɗin kai tsaye, yanzu ƙwayar gero guda da ta ƙone ta isa. Dubi maƙwabtanmu na Yobe. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna ya ci karo da itace a zurfin kusan mita 5. Da masanan Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon sama da mita 8, kabon ya ba shi shekara kusan 8,000. Da yake itace ne, abin kansa aka auna, babu kewaye-kewaye.

Tukunyarka kuwa ba ta taɓa rai ba, don haka kabon ba shi da abin aunawa a yumɓunta, sai dai in abinci ya ƙone ya manne a ciki. Nan TL yake shigowa, gwajin da aka inganta a Jami'ar Oksfod a shekarun 1960. A cikin yumɓu akwai ƙananan ƙwayoyin yashi masu tara wani ƙarfi daga yuraniyom da toriyom da fotasiyom da ke ƙasa. Kamar asusu ne da ake jefa wa kwabo kullum. Ranar da maginiya ta gasa tukunya, zafin ya zazzage asusun, aka soma tari daga farko. A ɗakin gwaji sai a ɗebi garin tsingaron a dafa shi har wajen digiri 500, abin da ya taru ya fito a matsayin haske, na'ura ta auna. Sai a raba da abin da ke shiga duk shekara, a samu shekarun.

Wannan rabawar ita ce lagon TL. Ba za a san abin da ke shiga duk shekara ba sai an auna ƙasar da tsingaron ya kwanta a ciki, har da danshinta. Tsingaron da aka tsinto aka wanke aka zuba a leda ya rasa rabin shaidarsa. Ko an yi komai daidai, kuskuren kan kai kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, wato tukunya mai shekara 2,000 za ta zo da sassaucin shekara 100 zuwa 200 gaba ko baya. In gobara ta ci ɗakin bayan an daɗe da gina tukunyar, ranar gobarar za a samu.

Kabon ya fi shi ƙuƙutawa, sau da yawa 'yan shekaru gomomi ne sassaucinsa, amma raminsa ya fi zurfi don ba a ganinsa. Gawayin da ke kusa da tukunya ba lalle sa'anta ba ne. Mai yiwuwa tsohuwar bishiya ce da ta bushe tun kafin a haifi mai girkin. Gara da ɓeraye da saiwoyi suna hawa da abu su sauka da shi, balle wurinku da ruwa ya riga ya cakuɗa. Shi ya sa masana suka fi son ƙonannen hatsi, don damina ɗaya ce rayuwarsa. Da irinsa masu binciken Nok, tsohuwar al'adar nan ta masu mutum-mutumin yumɓu a tsakiyar Najeriya, tun daga 2005, suka mayar da farkon al'adar zuwa wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, suka kuma tabbatar manoman gero ne. 

Akwai kuma abin da ya shafe ka kai tsaye. Yawan kabon-14 a iska bai tsaya wuri ɗaya ba, dole a gyara sakamako da zoben shekaru na tsofaffin bishiyoyi, kuma akwai zamunan da lissafin ke rikicewa. Ɗaya shi ne tsakanin 800 da 400 kafin haihuwar Annabi Isa, abin da ke wahalar da masu neman farkon narkar da tama a ƙasar nan. Ɗayan daga wajen 1650 ne zuwa 1950. In kufanku na zamanin da Yakubu ya kafa Bauchi ne, a farkon ƙarni na 19, kabon zai iya ba ka lokuta biyu ko uku ya bar ka da zaɓi. A nan TL ya fi amfani, don kashi 10 na shekara 250 bai wuce 25 ba, kuma bakin dattawanku ya zama shaida mai nauyi. Ni kam ina ganin ɓata kuɗi ne a aika samfur waje ba a zauna da su an ji sunan garin da dalilin tashinsa ba.

Kashin ƙarfe shi kansa da wuyar aunawa, amma in akwai ragowar bangon matoya, irin waɗanda ke cikin dajin Yankari, wannan gasasshen yumɓu ne, TL zai karɓe shi, gawayin cikinta kuma ya tafi ga kabon. Nan ne wuri mafi kyau, inda gwaji biyu za su yi wa juna shaida. Zanen kan dutse irin na Geji da Shira kuwa, in launin na ma'adini ne zalla, duka biyun babu mai iya masa.

Hukuncina: in wurin ya yi zurfi, ga alamar daɗewa, aka samu ƙonannen hatsi a inda ƙasa ba ta motsu ba, kabon za a fara da shi. In na baya-bayan nan ne, ko babu komai sai yumɓu, a nemi TL. Kafin nan, don Allah kada ku ƙara haƙawa, kada ku wanke komai, ku kuma hana yara tsinta. Ka ɗauki hoton bangon zaizayar da wayarka, da sanda mai awo a tsaye don a ga zurfin kowane abu, sannan ka sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta damƙa wa kula da irin waɗannan kayan, ko sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ka yi hakan kafin ruwa ya sake zuba.