Fada ko kotu, idan an ɗora maka bashin da ba naka ba

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗauki babur bashi a Maradi, kana biya kaɗan-kaɗan, saura jaka 40, sai ga wisiye, mai isar da takardun kotu, ya kawo maka takardar umarnin biya ta jaka 150. Kana tambaya: wajen mai unguwa za ka, ko kotu?

Sulhu yana da daɗinsa. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna ikon sasanta irin wannan rikici. Kashe kuɗi kaɗan ne, da Hausa ake magana, kuma gobe ku gaisa a kasuwa. Amma sarki ba ya soke takardar alƙali, zaman fada kuma ba ya tsayar da ƙidayar kwanaki.

Kwanakin nan su ne damuwata. Nijar tana bin dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, kuma gyaran da ya fara aiki a Fabrairun 2024 ya rage wa'adin ƙalubalantar umarnin biya daga kwana 15 zuwa 10, tun daga ranar da aka miƙa maka takardar. Alƙali ya sa hannu ne bisa takardun mai bin bashi kaɗai, bai ji ta bakinka ba. In wa'adin ya wuce kana jiran dattawa su zauna, umarnin ya zama hukunci, ana iya kama kayanka ko kuɗinka na banki.

Kotu akwai kuɗin wisiye, akwai zirga-zirga, akwai Faransanci. Sai dai da zarar ka shigar da ƙalubale, nauyin kawo hujjar bashin yana kan mai da'awa, kamar yadda malamanmu ke faɗa a shari'a. Kai kuma abin da ka ce ka biya, kai za ka nuna shi. Tattara rasit, takardun aike na Nita ko Amana, saƙonnin WhatsApp, da mutanen da aka biya a gabansu. Ko a kotun ma, alƙali da sulhu yake farawa.

Ni dai a nawa ganin, tunda takarda ta riga ta zo, fara da kotun da ta fitar da ita, yau ba gobe ba, fada ta biyo baya. In aljihu babu nauyi, tambayi ofishin ANAJJ mai taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a. Kuma don Allah kada kunyar manya ta sa ka sa hannu a takardar da ke cewa jaka 150, ko an ce maka don a kwantar da magana ne.