Kayan Bincike da Hidimominsa a Kambirij, Idan Aka Gwada da Namu na Bauchi

Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali da sauran abokan aiki, ga bayanin da kuka nema game da kayan aiki da hidimomin da masu bincike ke samu a nan Jami'ar Kambirij ta Ingila, domin ku san abin da za ku sa a gaba idan kuɗin gyaran ɗakin gwajinku ya fito. Aikina a nan shi ne auna wutar lantarkin da gine-ginen bincike ke ci da ba da shawarar yadda za a rage ta, kuma wannan aiki ne ya shigar da ni wuraren da ba fannina ba, tun daga ma'ajiyar duwatsu har ɗakin tsofaffin rubuce-rubuce. Abin da na lura shi ne, ratar da ke tsakaninmu da su ta fi faɗi wajen adana abu da rubuta tarihinsa da biyan wanda zai kula da shi shekara da shekaru, fiye da wajen mallakar injuna masu tsada.

A wajen duwatsu ne abin ya fi taɓa mu. Gidan adana duwatsu na Sedgwick ya faro ne daga tarin wani likita mai suna John Woodward, wanda ya rasu a 1728, kuma duwatsunsa da ma'adinansa kusan 10,000 suna nan har yau cikin kabad-kabad ɗin katakon da ya zuba su, tare da littattafan da ya rubuta asalin kowanne. A nan ne kuma aka ajiye duwatsun da Charles Darwin ya tsinto a tafiyarsa ta jirgin ruwa tsakanin 1831 da 1836. Shiga kyauta ne. Na tsaya kusa da wata ma'aikaciya ta jawo durowa guda a ma'ajiyarsu, sai ga kowane dutse zaune cikin ƙaramin kwali nasa, an ɗiga masa farin fenti a gefe an rubuta lamba a kai da baƙar tawada, tsohuwar takardar shaidarsa da ta yi ja saboda daɗewa tana ƙarƙashinsa ba a yar ba, sabuwa tana kusa da ita, lambar kuma tana cikin kwamfuta. Mai bincike daga wata ƙasa yana iya neman aron dutse, ya sa hannu a takardar aro, a aika masa ta gidan waya, amma ba ya yanka shi sai da izini. Akwai kuma ma'aikacin da aikinsa ke nan, ya yanko dutse ya manna a gilashi ya goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, yadda haske zai ratsa shi a madubin ƙara girman abu, kuma kowane yanka da farashinsa.

Ku tuna yadda muke yi a gida. Kowace shekara ɗalibai suna fita daji su dawo da buhunan duwatsu, an rubuta lamba da alƙalamin maka a kan salatif, da zarar an kare kundin kammala karatu sai a juye su a bayan gini, damina ɗaya ta wanke lambobin, dutsen da ba a san inda aka ɗauko shi ba kuwa tsakuwa ne kawai. Alhali ƙasarmu ba ƙaramar ƙasa ba ce a wannan ilimi. Baƙin dutsen nan mai ɗaukar kore da ke kewayen garin Bauchi, J. D. Falconer ya kawo bayaninsa a littafinsa na 1911 kan duwatsun Arewacin Nijeriya, daga baya Farfesa Mosobalaje Oyawoye ya yi nazarinsa ya raɗa masa suna bauchite, sunan da masana ke amfani da shi a duniya. Kwarin Gongola kuma teku ya taɓa rufe shi fiye da shekaru miliyan 90 da suka wuce, shi ya sa farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka domin siminti take cike da kwanson halittun ruwa masu naɗi da suka zama dutse, kuma a 1954 Richard Reyment ya sa wa wasu jinsunansu sunayen Gombe da Bauchi. Kabad mai durowa hamsin kafintan Wunti zai yi shi da rahusar da ba za a samu a Ingila ba, fenti da tawada ba su da tsada, kuma da za a roƙi masu haƙa burtsatse su riƙa ɗebo ƙasar kowane mita uku a leda suna rubuta zurfinta, da cikin 'yan shekaru kun mallaki taskar da masu neman ruwa za su biya kuɗi su duba.

A fannin nahawun zamanin da kuwa, ba zan ce sun fi mu gaba ɗaya ba. Babban ɗakin karatun jami'ar yana da haƙƙin karɓar kwafin duk littafin da aka buga a Birtaniya, kuma tarinsa na rubuce-rubucen Larabci ya samu tushe ne a 1632, lokacin da aka ba shi littattafan Thomas Erpenius, wani malamin Holand wanda ya buga Ajurrumiyya da fassarar Latin a 1617. Wato ƙaramin littafin nan na Ibn Ajurrum, mutumin Fas da ya rasu a 1323, wanda yaranmu ke haddacewa a zaure, da shi Turawa suka koyi i'irabi shekaru 400 da suka shige. Su ma a zamaninsu na tsakiya sun mayar da nahawun Latin waƙa domin sauƙin hadda, kamar yadda Alexander na Villedieu ya yi wajen 1199, tun kafin Ibn Malik, wanda ya rasu a 1274, ya tsara Alfiyya. Bambancin shi ne, tasu haddar ta mutu tuntuni, tamu tana raye. Ɗalibin da ke son wanda zai zauna da shi baiti bayan baiti a nan sai ya biya kuɗin makaranta mai nauyi, kuma masu iyawar 'yan kaɗan ne, yayin da a Bauchi zai tsuguna gaban malami bayan sallar asuba ya ɗauki Alfiyya da sharhinta, ya wuce zuwa rubuce-rubucen Malam Abdullahi na Gwandu kan nahawu da sarfu, ba a nemi sisinsa ba. Inda suka yi mana nisa shi ne kula da takarda: ba a shiga ɗakin da biro sai fensir, ana ɗora littafi a kan matashin soso domin kada ɗinkinsa ya ɓalle, ana daidaita zafi da laimar ma'ajiya dare da rana, kuma da yawa daga cikin littattafan an ɗauki hotonsu an sa a intanet kyauta. Namu suna cikin gafaka a saman kabad, gara na ci ta ƙasa, yoyon rufi na ci ta sama.

Ɗakin auna motsin jiki shi ne wurin da kuɗi ya fi magana. Ana manna wa mutum ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli a gaɓoɓinsa, kyamarori da yawa su kewaye shi, ya taka wani faranti da aka binne a daɓe wanda ke auna ƙarfin da ƙafarsa ke dannawa, kwamfuta ta fitar da nauyin da ke sauka a gwiwa da ƙugu da gadon baya. Da awa ake kama ɗakin, kuma ba a auna kowa sai ya sa hannu cewa ya yarda. Wata tambaya da ta daɗe a wannan fanni ta matanmu ce. A 1986 wasu masana sun ba da rahoton cewa matan Luo da Kikuyu na Kenya suna ɗaukar kayan da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu da ka ba tare da sun ƙona ƙarin kuzari ba, sai kuma wani bincike kan matan Xhosa na Afirka ta Kudu a 2010 ya nuna cewa abin bai game kowa ba, kuma ciwon wuya na biye da shi. 'Yan dako a kasuwar Muda Lawal da yara masu talla da matan da ke ɗauko ruwa daga rafi duk suna ƙofar gidanku, kuma ba sai kun sayi waɗancan kyamarori ba, domin Jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar da manhajar OpenSim kyauta, da wata mai suna OpenCap wadda ke aiki da wayoyin iPhone biyu.

Sai batun wuta, wanda shi ne sana'ata. Ba a ɗauke ta a nan, amma tana da tsada ainun. A Oktoban 2022, bayan tashin farashin gas, sai da gwamnati ta sa hannu aka tsayar da yunit ɗaya a kan kwabon Ingila 34 ga gidaje, shi ya sa kowane sashe ke bin lissafin mitarsa. Firizar ajiye samfuri mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili tana cin wutar da ta kai ta gida guda, kuma idan aka sassauta ta zuwa 70 ana iya rage har kusan kashi 30 cikin 100 ba tare da yawancin samfuran sun lalace ba. Rabin aikina lallashi ne, domin farfesan da ya tara samfurin shekara ashirin ba ya son a taɓa masa firiza ko da digiri ɗaya. Gyara kuma a nan azaba ne: kiran injiniya kawai, kafin ya kwance kusa ɗaya, yana iya cinye abin da zai biya mai gyaran firiji a Bauchi aikin wata guda, saboda haka abu da yawa da yaranmu za su tayar cikin yini, a nan zubar da shi ake yi a sayi sabo. Ga rana kuma, wadda ke sauka a Bauchi ta kusa ninka ta Kambirij sau biyu a shekara, a watan Disamba ma kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi, amma duk da haka suna shimfiɗa sola a rufin gine-gine.

Tun da aka ƙara kuɗin wuta a gida a Afrilun 2024, lokacin da yunit ɗaya ya kai naira 225 ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, ga tsadar man janareta, ba na ba ku shawarar sayen wata na'urar da ba ta jure yankewar wuta sai kun fara tanadar mata sola da batura nata na kanta, a ɗakin da ke da inuwa da iska, domin zafin bazara yana rage wa batir kwana. Sauran kuɗin ku kashe shi a kan kabad da kwalaye da littafin rajista da abin ɗora waya don ɗaukar hoton takardu, sannan ku nemi a ɗauki ma'aikaci ɗaya na dindindin wanda mabuɗin ma'ajiya zai zauna a hannunsa. Ina roƙon ku sa wani ɗalibi ya duba bayan kowace na'ura da ke ɗakin gwajin, ya kwafo mini adadin wat ɗin da aka rubuta a jikinta da awannin da take aiki a yini, ku haɗa da awannin da kuke samun wuta a mako, ni kuma in Allah ya yarda zan lissafa muku yawan fale-falen sola da baturan da za su ɗauke ku.