Avant ko Giant: wadda ta dace da aikin itatuwa da gyaran fili a Sakkwato

Malam, tun da ka ce tsakanin ƙananan motocin loda biyu masu hannun ɗaga kaya, wato Avant 635 da Giant G2700, kake son zaɓa, kuma dukansu na hannu ne, to ka ɗauki Avant, matuƙar galibin aikinka sarar dogon yaro ne a cikin gidaje da makarantu, da gyaran fili kafin a shimfiɗa intalok. Irinta nake aiki da ita a nan cikin gari, don haka abin da zan faɗa maka a kan kujerarta na san shi, ba a bakin dillali na ji ba.

Dukansu biyu a tsakiya suke lanƙwasa, shi ya sa tayoyin baya suke bin sawun na gaba ba tare da sun karce ƙasa ba, amma kamanninsu a nan ya tsaya. Avant ƙirar ƙasar Finlan ce, kamfanin da yake yin ta yana garin Ylöjärvi tun 1991, kuma an ƙera ta ne domin matsattsen wuri. Nauyin 635 bai wuce kimanin tan ɗaya da rabi ba, injinta Kubota ne mai silinda huɗu da ƙarfin doki 37, tana ɗaga kusan tan ɗaya, kuma hannunta yana miƙewa gaba har ya kai kaya sama wajen mita 2.8. Kowace taya tana da nata abin juyawa na haidirolik. Kujerar direba kuwa a kan rabin gaba take, ta yadda duk inda hannun ya juya kai ma can ka fuskanta, kana ganin bakin abin damƙar gungume da idonka, ba sai yaro ya tsaya yana yi maka ishara ba. Wanda ya taɓa ɗauko gungume daga tsakanin katanga da rijiya ya san darajar wannan.

An taɓa kirana wani gida a Mabera inda saiwar wani tsohon dogon yaro ta tsaga katanga har ta fara ɗaga daɓen tsakar gida. Mai gidan dattijo ne, kuma abin da ya fi damunsa shi ne kada a rushe masa ƙofa, kada kuma a fasa masa intalok ɗin da bai daɗe da sawa ba, domin waɗanda ya fara nema sun ce sai sun ɓalle gefen katanga kafin feloda ta shiga. Tawa ta ƙofar mota ta shiga da sauran fili hagu da dama. Masu zarto suna yanka, ni kuma ina damƙar gungume ina lanƙwasawa ta bayan wata bishiyar mangwaro da ya ce kada a taɓa ko reshenta, ina fita da shi zuwa tipar da ke jira a bakin titi. Kafin la'asar an gama, aka share garin katako, kuma ko bulo ɗaya bai motsa ba. Dattijon ya zagaya tsakar gidan yana taka daɓen da sandarsa, sannan ya sa mana albarka, kuma ta bakinsa na samu ayyuka da dama a unguwar daga baya. Da ƙarti ne za su yi wannan dako da hannu, da sai an daddatsa gungumen ƙanana, an yi asarar katakon da masu sassaƙa turmi suke saye da daraja.

Giant ƙirar Holan ce, ta kamfanin Tobroco, kuma ba zan ce ba ta da kyau ba. Nauyinta wajen tan biyu da rabi ne, tana da gatari, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu, gaba da baya irin na babbar feloda, gaɓarta ta tsakiya tana karkata ta bi yanayin ƙasa, saboda haka ta fi ƙarfin tura tulin marmara da yinin lodin yashi. Idan wannan ne abincinka, ita ce taka. Sai dai nauyin nan da yake taimakonta a kan tulin ƙasa shi ne zai dame ka wajen kai ta wurin aiki, domin tawa a kan ƙaramar tirela nake ɗora ta Hilux ta ja, ita kuwa waccan, idan ka haɗa da tirela da kayan aikinta, hankalinka ba zai kwanta ba sai ka nemo Kanta, kuma kuɗin Kanta zuwa Bodinga ko Wamakko daga ribarka zai fita kowace tafiya.

Akwai maganar da ta fi duk wannan muhimmanci a ƙasarmu, wato maganar man gas. Tun daga 2019 dokar hayaƙi ta Turai ta sa injunan dizal da suka haura kilowat 19, wato wajen ƙarfin doki 25, suna zuwa da matatar hayaƙi da kwamfutar da take lura da ita. Irin wannan inji tsabtataccen mai yake so, mai ƙarancin sulfa. Mu kuwa sau da yawa a jarka ake kawo mana mai wurin aiki, wani lokaci da ruwa a gindinsa, wani lokaci an surka shi da kananzir. Idan matatar ta toshe, kwamfuta za ta rage wa injin ƙarfi, kuma bakaniken da zai iya karanta ta sai an ɗauko shi daga Kano ko Legas. Tsohuwar 635 ba ta da wannan matata, famfon manta na gargajiya ne wanda duk bakaniken da ya saba da injin Kubota zai kwance ya mayar, alhali G2700 mai ƙarfin doki 50 tana cikin sabon rukunin. Ka buɗe murfin injin kowacce ka duba da kanka kafin a fara maganar farashi.

Kada kuma lambar da aka rubuta a takarda ta ruɗe ka. Nauyin da ake cewa loda tana ɗagawa, galibi an auna shi ne tana tsaye sak a kan daɓe, hannu a janye. Da zarar ka lanƙwasa ta, ko ka miƙa hannun gaba, nauyin da za ta iya riƙewa ya ragu ƙwarai, sai ka ji tayoyin baya sun bar ƙasa. Ƙa'idar da ake bi wajen aiki da bokiti ita ce rabin nauyin da zai ɗaga bayanta a lanƙwashe. Ɗanyen gungumen dogon yaro mai kaurin santimita 60 da tsawon mita biyu yana iya kai rabin tan, saboda haka ka sa mata ƙarafan ƙarin nauyi a baya, ka riƙa tafiya da kaya kusa da ƙasa, kuma kada ka juya da gungume a sama a kan gangare. Wanda zai tuƙa maka ya san cewa bayanta yana fita waje idan ta lanƙwasa, kada ya daki ginin mutane.

Tana da nata wahalhalu, ban ɓoye maka ba. Gindinta yana kusa da ƙasa, kuma a yashi mai laushi ko taɓon fadama irin na Kwalkwalawa da damina, takan nutse idan ba faffaɗar taya ka sa ba. Ƙayar aduwa da bagaruwa ba ta raga wa tayoyinta. A watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, man haidirolik yana yin zafi da wuri idan kana aiki da abin haƙa rami ko injin cin kututture, waɗanda suke buƙatar man haidirolik sosai, ko da yake tana ba su sama da lita 60 a minti ɗaya. Ni da asuba nake fara irin wannan aiki in tsaya kafin azahar. Da hunturu kuwa, idan ka cire matatar iska da yamma ka bubbuga ta a tafin hannu, ƙurar da za ta zubo kamar garin gero take, don haka kullum sai an hure ta tare da lagireto, an kuma ɗura giris a gaɓar tsakiya da duk fin ɗin hannu. Filta da bel na injin ba sa wuyar samu, amma abin juya taya da famfon haidirolik sai an yi oda daga waje, kuma jiran yana da tsawo.

Ba ka tambaya ba, amma sai na ja kunnenka game da masu sayarwa. Akwai waɗanda suke fesa wa gajiyayyar loda sabon koren fenti su canza agogon da ke ƙirga awannin aikinta, akwai kuma masu liƙa sunan babban kamfani a jikin kwaikwayo. Kada ka tura ko sisi saboda bidiyon da aka aiko maka ta WhatsApp, gani ya kori ji. Ka je da bakanikenka da sassafe, ka dafa injin ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, domin mai ɓoye aibi yakan ɗumama shi kafin ka iso. Ka daidaita lambar da ke kan farantin jikinta da ta takardun kwastan. Ka kafa bokitin a ƙasa, a motsa sitiyari hagu da dama kana kallon gaɓar tsakiya, idan tana ƙwas-ƙwas to fin da bushi sun cinye, kuma lambar agogon ba gaskiya ba ce. Ka dubi fedar ƙafa da kujera, su ba a iya mayar da su baya. Ka sa ta yi lodin ƙasa na awa guda cur a cikin rana, saboda famfon da ya gaji sai mai ya yi zafi yake nuna kansa, sannan ka leƙa bayan kowace taya ka ga ko mai yana tsattsafowa. Wanda ya hana ka wannan gwaji, ka bar masa kayansa ko da ya rage rabin kuɗi.

Idan ta tsallake, ka sa a haɗa maka bokiti da abin damƙar gungume da cokulan ɗaukar kaya a cikin ciniki ɗaya, domin mahaɗin kayan Avant nata ne na kanta, na wata loda ba zai shiga ba sai an yi masa gyara, kuma sayensu ɗaya bayan ɗaya daga baya ya fi tsada nesa ba kusa ba.