Motar haya daga Riyad zuwa Makka: farashin allo ba shi ne farashin ba

Ga 'yan uwa mazauna Riyad da ke son kai iyali Umra a mota, ƙananan ofisoshin haya na cikin unguwanni suna da sauƙin mu'amala. Igama (katin izinin zama) da lasisi da katin banki suke nema, nan take su miƙa makullin Yaris ko Accent. Motocin ba laifi, sanyinsu na aiki. Matsalar tana cikin takardar yarjejeniya.

Riyad zuwa Makka ta babbar hanya mai lamba 40 kusan kilomita 870 ne, zuwa da dawowa 1,740. Yawancin hayar yini tana da iyakar kilomita. A ce an ba ka 250 a rana, ka riƙe motar kwana 4, ka samu 1,000 ke nan. Ragowar 740 za a caje ka ɗaya bayan ɗaya, kuma ko da rabin riyal ne kowace kilomita, riyal 370 sun hau kanka, ban da harajin kashi 15. Saboda haka tun a bakin kanta ka ce "kilomita maftuh" kake so, wato mara iyaka. Kuɗin yininsa ya fi tsada, amma a doguwar tafiya shi ne mai arha.

Mai ba abin damuwa ba ne. Fetur 91 yana kan riyal 2.18 tun Yulin 2021. Ƙaramar mota da sanyi a kunne tana shan kamar lita 7 a kilomita 100, wato lita 122, riyal 266. Ka ware 300. Babu kuɗin shinge a hanyar. Sai dai ka cika tanki a Ƙuwai'iyya, kada ka jira fitila ta kunna, don daga can gidajen mai suna yin nisa da juna.

Inshora ma a tambaya. "Shamil", wato cikakken inshora, ba ya nufin ba za ka biya komai ba, akwai tahammul, abin da ke kanka idan laifinka ne. Ko ƙaramin gogewa aka yi, a kira Najm, kamfanin da ke rubuta rahoton haɗarin mota, a karɓi rahoto, in ba haka ba ofis zai ɗora maka gyaran. Kafin ka tashi ka ɗauki bidiyon jikin motar, ka buɗe but ka taɓa safaya.

Sai Sahir, kyamarorin kama masu wuce ƙa'idar gudu. An yarda da gudun 140 a hanyar Riyad zuwa Ɗa'if, amma yana sauka kusa da garuruwa, kuma tarar kanka take zuwa, ba kan ofis ba.

Mutum 4 ko 5, hayar ta biya kuɗinta, ga damar tsayawa a miƙatin Sailul Kabir a ɗaura harami a natse. Mutum ɗaya ko biyu, bas ta fi.