Hattara da mai tallar kwanbatar tsere a WhatsApp, 'yan uwa na Garwa da Marwa

Salamu alaikum jama'a, musamman ku samari masu gyara motocinku don su yi tashin farko da ƙarfi. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook yana cewa yana kawo tok kwanbata (na'urar da ke tsakanin inji da giya otomatik, tana miƙa ƙarfin inji ga giya ta hanyar man giya) ta tsere daga Dubai ta Duwala, wai stol ɗinta 3500 (wato juyin inji a minti da take bari inji ya kai kafin ta kama sosai ta ja mota), wai kuma tana shiga kowace giya otomatik, Toyota ce ko Marsandi. Ba zan kama suna ba don lambarsa ma canzawa take, amma salon nasa ɗaya ne, ka tura rabin kuɗi ta waya, sauran in kaya ya iso tasha. Wasu ba su ga komai ba sai ya toshe su, wasu kuma kayan ya iso, kuma wallahi su ne suka fi shan wahala.

Ita kwanbata a rufe take ruf da walda, ba ka ganin cikinta, nan ne ya samu ƙofa. Abinda ya bayyana da wani makaniki a Garwa ya yanka ɗaya shi ne tsohuwa ce ta bola, an buɗe an lanƙwasa fuka-fukan ciki da filaya, an mayar da walda, an fesa fenti an manna sitika ta kamfanin Amurka. Eh, lanƙwasa fuka-fukai yana ɗaga stol, amma sai ta riƙa sulɓi, inji na ihu mota ba ta tafiya, duk ƙarfin nan yana komawa zafi a cikin man giya, to ka haɗa da ranar Marwa ta watan Afrilu da ke wuce digiri 40, man giyar da yake ja wur sai ya koma baƙi yana warin ƙuna, ɓarɓashin ƙarfe ya zagaye giyar gaba ɗaya, kai da ka so ka burge abokai sai ga ka kana neman giya sukutum a kasuwa.

Maganar wai tana shiga kowace mota ma ta isa ta tona shi. Giyar A340E ta Toyota daban, giyar 722.6 ta Marsandi daban, haƙoran shaf ba ɗaya ba, ramukan kusoshi ba ɗaya ba. Ko giyar 700R4 ta Amurka, ta farko haƙora 27 gare ta, ta baya 30. Sannan lambar stol ba a kan kwanbata kaɗai take ba, kwanbata ɗaya in ka sa ta bayan inji mai ƙarfi stol ya hau, bayan ƙaramin inji ya sauka. Shi ya sa mai sana'ar gaskiya sai ya dame ka da tambaya, wane inji, wane kamshaf (sandar da ke buɗe bawul na inji), nauyin motar nawa, giyar baya fa, girman taya fa. Shi wannan tambayarsa ɗaya ce, yaushe za ka turo.

Ni a ganina ma yawancinmu ba ma buƙatar 3500. Wadda mota ke zuwa da ita daga kamfani tana wajen 2000 ne ko ƙasa kaɗan, kuma tseren da ake yi wa waɗannan manyan kwanbatocin na mita 402 ne a fili na musamman, ba motar da za ka kai yara makaranta da ita da safe ka bi go-sulo na kasuwa ba. In injinka yana nan yadda ya fito, ba ka taɓa kamshaf ba, babban stol ba abinda zai ƙara maka sai shan mai. In kuma ka gyara inji da gaske to nemi kwanbata mai lokof (kulocin ciki da ke kulle ta don hana sulɓi), ka ƙara na'urar sanyaya man giya.

Wanda ya riga ya karɓi kayan mutumin nan, don Allah kar ka ɗaura tukuna. Duba layin waldan tsakiya, in ya yi kumburi-kumburi irin na hannu to an buɗe ta, duba wuyan ko ya ci, girgiza ka ji ko wani abu na kaɗawa a ciki, ka kai wa makanikin giya ya ƙirga haƙora. Ajiye hoton hirarku da saƙon tura kuɗin ka kai wa jandarma. 'Yan Kuseri da Njamena ku ma ku tura wa naku, an ce ya fara sa farashi yana cewa kaya zai tsallako gada.