Akwatin batura mai na'urar gwaji: lambar akwati zai ɗauka ko ta na'ura?

Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa don ba abin amsawa a tsaitsaye ba ne. Ga waɗanda ba su gani ba: zai shigo da wani akwatin roba mai gurbi-gurbi na jera batura, AA da AAA da C da D da mai bolt 9, murfinsa garai-garai ana hango ciki, a gefe guda kuma akwai 'yar na'urar gwada batir da ake zarewa a mayar. Babu batir ko ɗaya a ciki. Mai sayarwa ya rubuta masa 90.30 a inbois a matsayin lambar kwastam ta kayan, ejan ɗinsa mai fitar masa da kaya daga kwastam kuma ya ce kayan roba ne, 39.24 ko 39.26. Yana tambaya wa zai bi.

Kada ka bi mai sayarwa. Ejan ɗinka ya fi shi kusa da gaskiya, amma shi ma akwai ƙofar da ya wuce bai ƙwanƙwasa ba, wato 42.02, lambar akwatuna da jakunkuna.

Lambobin nan duka na tsarin HS ne, wato tsarin rarraba kayan ciniki da kwastam ke yanke haraji da shi, wanda Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels take kula da shi. Ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1988, ƙasashe da yankuna sama da 200 ke amfani da shi, kuma bugun 2022 ake kai yanzu. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, daga nan kowace ƙasa ta ƙara nata: Tarayyar Turai ta kai takwas, Amurka goma. Yana da ƙa'idojin fassara shida da ake bi a jere. Ta farko ta ce kalmomin lambar da bayanan babi su ne alƙali. Sunan da aka buga a jikin kwali ba ya cikin lissafi, haka ma lambar da mai sayarwa ya saba rubutawa a ƙasarsa. Kai mai shigo da kaya, kai za a tambaya.

Mu fara da 90.30, tunda ita ce a inbois. Lamba ce ta na'urorin auna ko duba lantarki. Da a ce 'yar na'urar kaɗai za ka shigo da ita, da babu gardama. Ka san irinta: ka ja hannunta, ka maƙala batir tsakanin ƙarafa biyu, allura ta motsa ta tsaya a kore ko rawaya ko ja. Ƙarfin batir take dubawa, ba ta ajiye abin da ta auna, saboda haka 9030.33 ce gidanta. Ba 9030.31 ba, wadda take ta mita mai auna abubuwa da yawa, irin ta masu gyaran lantarki. To amma kalmomin 90.30 ba su san da zaman akwati ba. Lambobin akwatin ma ba su san da zaman na'urar ba. Kowacce ɓangare ɗaya ta kama, shi ya sa ƙa'ida ta farko ba ta raba gardamar, dole a gangara ta uku.

Kafin nan akwai wata dabara da na san wani zai kawo, gara in tare ta. Ƙa'ida ta 5(a) ta ce akwatin da aka ƙera musamman don wani kaya, aka kawo su tare, yana bin lambar kayan, kamar gidan kyamara da kyamararsa. Sai a ce ai na'urar tana da gurbinta a akwatin, don haka akwatin ya bi ta 90.30. Wannan ba zai tsaya ba. Buɗe murfin ka ƙirga: gurbi ɗaya na na'ura, sauran duka na batura. Don batura aka yi shi, kuma ba su zo tare ba. Ita ƙa'idar da bakinta ta ce ba ta aiki a kan akwatin da shi ne jigon kayan.

Ƙa'ida ta 3(b) ita ce ta kayan da aka haɗa saiti don sayarwa kai tsaye ga mai amfani. Littafin sharhin HS ya kafa sharuɗɗa uku: abubuwa aƙalla biyu masu lambobi daban, an haɗa su don biyan buƙata ɗaya, kuma an shirya su yadda za a sayar ba sai an sake kwali ba. Naka ya cika duka ukun, domin mai adana batura yana son ya san mai rai da matacce. Ko da jami'i ya ce ba saiti ba ne, abu ɗaya ne mai sassa biyu da aka yi su don juna, ƙa'idar dai ita ce 3(b), tambayar kuma ba ta canza ba: wanne ne jigo? Sharhin ya ce a duba irin kayan, girma, yawa, nauyi, daraja, da rawar da kowanne ke takawa wajen amfani. Misalin da ya bayar shi ne saitin aski mai injin aski na lantarki da mataji da almakashi da buroshi da tawul a cikin jakar fata: duka suna bin injin, 85.10.

Yanzu ajiye su gefe da gefe. A girma da nauyi akwatin ya yi wa na'urar nisa, ita tafin hannu ya ishe ta. A daraja sai ka nemi mai sayarwa ya raba maka kuɗin kowanne a rubuce, amma irin wannan mai allura ɗaya abu ne mai sauƙin ƙira. Rawar da suke takawa ita ta fi gamsar da ni. Cire na'urar ka jefa a aljihu, akwatin yana nan yana aikinsa dare da rana, baturan ba sa gaurayuwa, bakinsu ba ya taɓa ƙarfe. Cire akwatin kuma, abin da ya rage ba shi mai saye ya zo nema ba. Na'urar aikin daƙiƙa biyar take yi jefi-jefi. A ganina akwatin ne jigo, kuma ina faɗin haka da ƙarfin gwiwa.

Ka kula da abu ɗaya a nan, don yana da tsada. Idan a takardarka ka yi ta nanata cewa muhimmancinsu ɗaya, ka buɗe ƙofar 3(c) da hannunka. Ita ta ce in an rasa jigo, a ɗauki lambar da ta zo ƙarshe a jeri, kuma 90.30 tana bayan lambobin babi na 39 da na 42, wato masu farawa da 39 da 42. Don haka bayanin kayan da za ka rubuta ya zama gaskiya tsantsa, amma ya fito da awo, nauyi da kuɗin kowane ɓangare.

Inda aikin yake shi ne lambar akwatin kansa. Ejan ɗinka ya ga roba ya tafi babi na 39, abin da kusan kowa zai yi ke nan. Sai dai bayani na 2(m) na wannan babi ya fitar da akwatuna da jakunkunan 42.02 daga cikinsa. Ma'ana ba zaɓi ba ne tsakanin daidai biyu. Sai ka tabbatar 42.02 ba ta kama kayan ba tukuna, sannan babi na 39 ya samu bakin magana.

Ita 42.02 kashi biyu ce. Kashin farko ya lissafa akwatin tafiya, jakar ofis, gidan tabarau, gidan kyamara, gidan kayan kiɗa, gidan bindiga da makamantansu, bai ƙayyade abin da aka yi su da shi ba. Kashi na biyu, mai jakar hannu da jakar kayan aiki da akwatin kayan ado, shi ya ƙayyade: fata, shimfiɗaɗɗiyar roba mai kama da leda, yadi, kwali da 'yan kaɗan. Akwatinka na roba mai tauri ne da aka zuba a mazubi, don haka kashi na biyu ba nasa ba ne. In zai shiga, ta kalmar "makamantansu" ta kashin farko zai shiga. Wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yi bayani a 1995 a shari'ar kamfanin Totes, kan jakar tsara kaya a but ɗin mota: abin da ya haɗa kayan 42.02 shi ne tsarawa, adanawa, karewa da ɗauka. Hukuncin ƙasa ɗaya ne, ba ya ɗaure kwastam ɗin wata ƙasa, amma ma'auni ne mai kyau na riƙe a kai.

Auna naka da shi. In yana da mariƙi, da maɓalli mai ƙarawa idan an rufe, kowane batir ya zauna daram a gurbinsa ko an kifa akwatin, an yi shi ne a ɗauka a tafi da shi. Wannan ɗan'uwan gidan kyamara ne, kuma 4202.99 zan rubuta. In mai zif ne da aka lulluɓe bayansa da yadi, 4202.92. Amma in faranti ne mai gurabe da ake sakawa a durowa, ko mai ramuka biyu a baya na ratayewa a bango, babu mariƙi, murfin ƙura kawai yake tarewa, to ɗauka ta fita daga lissafi, ya zama kayan amfanin gida na roba, 3924.90. Ita 39.26 ta ragowa ce, ba a zuwa wurinta sai kayan ya rasa gida, misali irin na wurin gyara ko masana'anta da ba za a kira shi kayan gida ba. Akwai kuma masu mariƙi da ramukan bango duka biyu, kuma a kan irinsu jami'ai biyu masu gaskiya za su iya saɓawa.

Duk wannan na akwatin da ya zo wayam ne. Ranar da mai sayarwa ya ce zai cika maka shi da batura, lissafi sabo ne. Batir ɗin da ba a caji 85.06 ne, na alkalin da aka saba 8506.10, na litiyam 8506.50. Mai caji 85.07 ne, kamar 8507.50 na irin da ake rubuta wa NiMH. In sun cika akwatin, nauyi da daraja za su iya komawa wurinsu, jigon ya tashi daga akwati. In kuma huɗu aka jefa na kyauta, ba na jin za su sauya komai. Haka in abin da ake kira na'urar gwajin caja ce mai allon nuna ƙarfin batir, babban aikinta caji ne, 8504.40 za a duba.

Me ya sa na dage haka a kan abu ƙarami? Domin harajin jaka da akwati, da na kayan roba, da na na'urar awo ba lallai su zo ɗaya ba a jadawalin ƙasarka, kuma lambar da ka bayyana ita za a bi har bayan kaya sun fita. In bincike ya biyo baya aka ga kuskure, cikon haraji da tara a kanka suke, ko da mai sayarwa ne ya rubuta lambar. In kaɗan ne na gwaji, ku zauna da ejan ɗinka ku bi matakan nan, ku ajiye hujjarku a rubuce. In kwantena ce ko oda mai maimaituwa, nemi kwastam su ba ka hukunci a rubuce tun kafin kaya su taso. Yarjejeniyar sauƙaƙa kasuwanci ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2017, ta tanadi wannan a sashe na 3, a Tarayyar Turai ma irin takardar tana aiki shekara uku. Za su so samfuri ko hotuna, awo, nauyi, irin robar, da kuɗin akwati daban na na'ura daban.

Hoton da ka turo daga sama aka ɗauka, murfi a buɗe. Turo mana na baya da na gefe, a rufe, mu ga ko akwai mariƙi da ramukan rataya. Da shi zan iya ce maka 4202.99 ko 3924.90.