nvm ko fnm: wanne za ka saka, kuma yaya ake cire shi?

Ɗan'uwa, ka ce kana da aiki biyu, ɗaya na son Node 18, ɗayan 22, kana neman wanda ya fi tsakanin nvm da fnm, da hanyar cire shi idan bai yi maka ba. Dukansu kayan aiki ne na saka sigogi daban-daban na Node (manhajar gudanar da JavaScript) da sauyawa tsakaninsu, kuma za su biya maka buƙata, amma ba iri ɗaya suke zama a kwamfuta ba, kuma daga nan matsalolin ke tasowa.

nvm ba manhaja ba ce mai zaman kanta. Rubutun umarni ne da bash ko zsh ke karantawa duk lokacin da ka buɗe taminal. Ana saka shi da layin `curl` da ke shafinsa na GitHub, wanda zai zuba komai a `~/.nvm`, ya ƙara layuka a `~/.bashrc` ko `~/.zshrc`. Shi ya sa `which nvm` ba ya nuna komai ko da sakawar ta yi daidai. `command -v nvm` ake bugawa. Idan aka ce maka ba a san umarnin ba, rufe taminal ka sake buɗewa. A Mac kuwa, tun 2019 zsh ne ke zuwa da ita, kuma sau da yawa babu fayil ɗin `.zshrc`, sai ka fara buga `touch ~/.zshrc` kafin ka saka. Wani abin da ke tsayar da nvm shi ne layin `prefix` a cikin `~/.npmrc`, goge shi. Kada ka sa `sudo` ko kaɗan.

fnm kuwa da Rust aka rubuta shi, fayil guda ne. `curl -fsSL https://fnm.vercel.app/install | bash` ya isa a Linux, muddin akwai `unzip`. A Windows `winget install Schniz.fnm`, inda nvm na asali ba ya aiki sai ta hanyoyi irin su WSL (Linux a cikin Windows) ko Git Bash. Sai ka tabbatar `eval "$(fnm env --use-on-cd)"` na cikin `~/.bashrc` ko `~/.zshrc` ɗinka, idan bash ko zsh kake amfani da shi. Da wannan layin, kana shiga folda mai `.nvmrc` (fayil ɗin da ke faɗin sigar Node da aikin ke so) zai sauya sigar Node da kansa, kuma taminal na buɗewa ba jinkiri, saɓanin nvm da ke jan ƙafa a tsohuwar kwamfuta.

Wajen cirewa, nvm ya fi fitowa fili: `nvm unload`, sai `rm -rf ~/.nvm`, sai ka goge layukan `NVM_DIR` da hannu. Duba umarnin sau biyu kafin ka danna, don `rm -rf` ba ya tambaya. Ka sani duk sigogin Node da abin da ka saka da `npm install -g` za su tafi tare, don haka fara buga `npm ls -g --depth=0` ka adana jerin. Shi fnm, buga `fnm env` ka ga inda `FNM_DIR` yake tun kafin ka cire shi, domin idan da `brew` (mai saka manhajoji a Mac) ka saka shi, `brew uninstall fnm` manhajar kawai yake ɗaukewa, ya bar sigogin suna cin wuri.

A ganinmu fnm ya fi dacewa da kai, sai dai idan abokan aikinka duk nvm suke bi. Kowanne ka zaɓa, kada ka bar layukan biyun tare a fayil ɗaya: za su yi ta rububin gaban `PATH` (jerin foldojin da taminal ke neman umarni a ciki), `node -v` ya riƙa nuna maka sigar da ba ka zaɓa ba.